Yadda Ake Duba Tayar Motar da Ta Ji Rauni a Gefe, a Gane Ko Za Ta Ci Gaba da Aiki

Raunin da taya take samu a gefe ba ɗaya yake da hujin ƙusa a fuskar da ke taka kwalta ba, ko da yake direbobi da yawa sukan ɗauke su abu guda, su kai wa mai faci ya ɗora faci, su biya su kama hanya. Hujin ƙusa a tsakiyar fuskar taya yana gyaruwa, tayar ta koma aiki har ta suɗe. Gefen taya kuwa, wato bangon nan mai laushi da ke tsakanin wili da fuskar tayar, inda ake rubuta sunan kamfani da lambobi, hukuncinsa ɗaya ne: idan raunin ya tsaya a roba, tayar za ta iya ci gaba da aiki ana sa mata ido, idan kuwa ya kai ga zaren da ke ciki, to ta gama aiki ko da jiya aka sayo ta. Binciken da za a bayyana a nan gaba ɗayansa neman amsar tambaya ɗaya ne, wato ko zaren ya taɓu ko bai taɓu ba.

Kayan da ake bukata

Ka tanadi bokitin ruwa da garin sabulu, da tsumma ko burushi mai laushi, da tocila, da alli don yin alama, da gejin awon iska, da rula ko tef ɗin awo, da wani abu siriri marar kaifi da za ka buɗe bakin rauni da shi, kamar sukundireba mai dakusasshen baki. Domin cire tayar kana bukatar jak, da sufanar wili, da weji, da safaya wadda ka tabbatar akwai iska a cikinta. Idan babu tocila, fitilar wayarka ta wadatar. Idan babu rula, gaɓar farko ta babban yatsan babban mutum takan kai kusan milimita 25, kuma wannan awon za ka bukace shi nan gaba. Idan babu weji, dutse mai faɗi ko guntun katako zai tare motar. Abin da ba shi da madadi shi ne geji, domin bugun taya da ƙafa ko danna ta da yatsa ba ya gaya maka yawan iskar da ke ciki. Kada ka yi amfani da wuƙa ko reza ko ƙusa wajen bincike, domin da hannunka za ka iya yanke zaren da dutse bai yanke ba.

Abin da ya kamata ka sani game da ƙirar taya

Tayoyin ƙananan motoci na yanzu suna da ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin fuskarsu, amma wannan ɗamarar ba ta sauko gefe ba. A gefe, abin da ke riƙe iska da nauyin mota shi ne shimfiɗa ɗaya ko biyu ta zare mai ƙarfi, wanda ya taso daga bakin tayar na wannan ɓangare ya zagaya zuwa na ɗaya ɓangaren, aka lulluɓe shi da roba ciki da waje. An bar gefen da laushi ne da gangan, domin shi ne yake lanƙwasa ya miƙe a duk juyi guda. Taya mai lamba 195/65 R15 takan juya kusan sau 500 a kowace kilomita, wato kusan sau 14 a daƙiƙa guda idan ana gudun kilomita 100 a awa. Daga Kano zuwa Kaduna, wurin da ya ji rauni zai lanƙwasa ya miƙe fiye da sau dubu ɗari, yana ɗaukar zafi. Babu facin da zai jure wannan, kuma faci ba ya haɗa zaren da ya tsinke.

1. Ka ajiye motar yadda za ka ga gefe biyu na tayar

Ka tsaya a wuri mai shafe da tauri, nesa da hanyar motoci, ka ja birkin hannu, ka sa weji. Idan daga tafiya ka dawo, ka bar tayoyin su huce na awa biyu zuwa uku kafin ka auna iska. Tayar gaba za ka iya murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa gefenta na ciki, ta baya kuwa sai an ɗaga motar an cire ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba gefen waje kawai, alhali ramin da ya bugi taya yakan matse gefen ciki kamar yadda yake matse na waje, wani lokaci ma fiye. Kada ka taɓa cusa kanka ko kafaɗarka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

2. Ka wanke tayar, ka yi wa raunin alama

Laka da ƙura suna cike tsaga su ɓoye ta. Ka wanke gefen da ruwan sabulu tun daga bakin wili har kafaɗar tayar, ka goge, sannan ka zagaye duk wurin da kake zargi da alli. Ka gangara motar gaba kaɗan domin sashen da ke ƙasa ya fito, ka sake dubawa. Ka duba bakin wilin shi ma: idan ya lotse ko ya goge a wani wuri, ka mai da hankali ga robar da ke daidai wurin, domin nan ne bugun ya sauka.

3. Ka nemi kumburi da tafin hannu

Wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma hannu ya fi ido gani a cikinsa. Da iska cike a tayar, ka shafa tafin hannunka a hankali a kan gefen har ka zagaye shi, sannan ka haska tocila daga gefe, hasken yana kwance a jikin robar, domin ƙaramin tudu ma zai yi inuwa.

Kumburi yana fitowa ne idan taya ta faɗa rami ko ta bugi bakin kwalbati da gudu, gefen ya matsu tsakanin wili da abin da aka buga har zare ya tsinke. Iska sai ta tura robar da babu zare a bayanta, ta fito kamar ƙwai a ƙarƙashin fata. Abin da ke riƙe da iskar a wannan wurin roba ce zalla. Girman kumburin ba ya canza hukunci: ko da bai wuce kan yatsa ba, tayar ta mutu, a cire ta a sa safaya nan take. Akwai masu cewa sun yi wata shida da kumburi ba abin da ya faru, kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai babu wanda zai iya gaya maka ranar da zai fashe, kuma yakan zaɓi lokacin da mota ke cike da mutane, ana gudu, kwalta ta yi zafi. Ka sani kuma kumburi ba dole ya fito ranar da aka bugi ramin ba, yana iya bayyana bayan kwanaki, saboda haka duk tayar da ta sha bugu mai ƙarfi ka sake shafa ta bayan kwana biyu, ka kuma sake bayan mako guda.

Akwai wani abu da yake ruɗar masu koyo, har su zubar da taya mai lafiya. A jikin tayoyi da yawa za ka ji ɗan loɓawa zuwa ciki, siririya, wadda ta miƙe daga bakin wili zuwa fuskar tayar. Wannan wurin da aka ɗora bakin shimfiɗar zare a kan ɗan'uwansa ne lokacin ƙira, zaren ya ninku a wurin, don haka iska ba ta tura shi waje kamar sauran jikin ba. Loɓawa zuwa ciki irin wannan ba lahani ba ce. Tudu zuwa waje shi ne lahani. Idan ka kasa bambancewa, mataki na 7 zai raba gardama.

4. Ka auna zurfin yanka ko ɓantarewa

Idan tayar ta gogi bakin kwata ko ƙarfe ya yanke ta, ka buɗe bakin raunin a hankali da abin nan marar kaifi, ka haska tocila har gindinsa. Abin da kake nema shi ne zare, wanda yakan bayyana fari ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, layi-layi a jere, a wasu tayoyin manyan motoci kuma waya ce mai ƙyalli. Idan ka ga zare, ko da bai tsinke ba, tayar ta gama aiki, domin ruwa da yashi za su shiga su ci shi a hankali. Idan ka kasa ganin gindin raunin saboda ƙunci ko zurfi, ka ɗauka ya kai ga zare har sai an tabbatar da akasin haka.

Idan kuwa baƙar roba ce kaɗai a gindin raunin, babu kumburi a kusa, iska kuma ba ta fita, to rauni ne na fata. Haka nan tayoyi da yawa suna da wani ƙullin roba mai kauri da ya zagaye kusa da bakin wili, wanda aka yi shi domin ya kare wilin daga gogewa, kuma ɓantarewar wani yanki daga wannan ƙullin ba ta taɓa ƙarfin tayar. Leɓen robar da ya rage yana reto za a iya manne shi da gam domin kada ya ci gaba da yagewa, amma ka sani gam ɗin ado ne kawai, bai ƙara wa tayar ƙarfi ba.

Game da tsawo, a Ingila dokar gwajin motoci tana kayar da tayar da ke da yanka mai zurfin da ya kai ga zare idan tsawonsa ya wuce milimita 25 ko kashi 10 cikin ɗari na faɗin tayar, duk wanda ya fi yawa. Wannan iyaka ce ta doka, kuma a ganina ta yi sassauci ga wanda ke bin hanyoyinmu masu ramuka a cikin zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ni da zarar na ga zare, ba na ɗauko rula.

5. Ka duba tsagewa da shekarun tayar

Rana da tsufa suna busar da roba, ta fara ƙananan tsage-tsage a gefe. Masu siririn gaske da ba sa buɗewa idan ka danna, alama ce ta tsufa, ba dalilin cirewa nan take ba. Waɗanda farce ke shiga cikinsu, ko suka zagaye tayar kusa da bakin wili, ko zare ke leƙowa ta cikinsu, sun isa a sauke tayar.

Shekarun taya suna rubuce a jikinta. Ka nemi layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan tsarin ya fara ne daga shekarar 2000, saboda haka tayar da ke da lambobi uku kawai ta girmi wannan shekarar. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauya ta idan ta kai shekara 10 da ƙira ko da zanenta bai cinye ba, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya take gargaɗi tun daga shekara 4. Ƙaramin rauni a tsohuwar taya ya fi irinsa a sabuwa haɗari, don haka idan shekaru da rauni suka haɗu, ka karkata ga sauyawa.

6. Ka gwada ko iska na fita

Ka sa iska daidai da abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar, wanda a ƙananan motoci yawanci yake tsakanin PSI 30 da 35 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa). Lambar da ke jikin tayar, irin su 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so a sa ba, kuma masu faci da yawa sukan cika fiye da kima idan ba ka tsaya a kansu ba. Ka zuba ruwan sabulu mai kumfa a kan raunin, da bawul, da zagayen bakin wili, ka jira minti biyu kana kallo. Kumfar da ke tasowa tana girma daga gefen taya tana nufin raunin ya ratsa har ciki, kuma huji a gefe ba ya gyaruwa ko da na ƙaya ne. Idan babu kumfa, ka rubuta awon iskar, ka sake aunawa washegari da safe kafin ka tayar da motar.

7. Ka sa a cire tayar daga wili a duba cikinta

Idan bugun ya yi ƙarfi, ko ka yi tafiya da tayar ba iska, ko matakan baya sun bar ka da shakka, ka kai ta wurin mai faci ya raba ta da wili, ka tsaya ka duba da idonka. Cikin taya mai lafiya sumul yake, launinsa ɗaya. Ka haska daidai bayan alamar allin da ka yi, ka sa hannu biyu ka buɗe gefen: idan akwai tsaga a shimfiɗar ciki, ko wuri ya yi laushi fiye da kewayensa, ko ka ji zare ya rabu a ƙarƙashin yatsa, to bugun ya karya ta daga ciki ko da wajen yana da kyau.

Tayar da aka yi tafiya da ita ba iska tana da tata shaidar. Ka karkata ta ka duba ƙasan cikinta, za ka tarar da baƙin garin roba ya taru, wani lokaci har ya cika tafin hannu, sannan a jikin bangon ciki akwai zobe da ya zagaye, robar wurin ta yamutse ta canza launi. A waje ma akan ga irin wannan zoben, inda rubutun jikin tayar ya goge. Wannan garin naman tayar ne da ya niƙe tsakanin wili da kwalta, kuma tafiya kaɗan ta isa ta jawo shi. Irin wannan tayar takan karɓi iska ta tsaya kamar lafiyayya, amma zarenta ya riga ya gaji a zagaye, har takan fashe tun ana sa mata iska. Saboda haka kada ka tsaya kusa da gefen taya ko ka sunkuya a kanta lokacin da ake hura ta, musamman ta babbar mota.

8. Ka yanke hukunci, ka kuma san gyaran da za ka ƙi

Tayar za ta ci gaba da aiki ne kawai idan raunin a roba ya tsaya, babu zare a fili, babu kumburi, babu yoyon iska, cikinta kuma lafiya lau. Ko a haka, ka ɗauki hoton raunin da waya tare da rula a gefensa, ka riƙa kwatantawa duk mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Idan ya ƙara tsawo ko ya fara tasowa, ka sauke ta.

Wurin da aka yarda a yi wa taya faci shi ne tsakiyar fuskarta, hujin kuma kada ya wuce milimita 6, a cire tayar daga wili a toshe hujin a kuma lulluɓe shi daga ciki. Kafaɗa da gefe ba sa cikin wannan. Mai faci zai iya kawo maka dabaru: ya yanko guntun tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki, ko ya ɗinke tsagar da zare, ko ya gasa roba a kan wurin har raunin ya ɓace, ko ya sa tiyub a cikin tayar da aka ƙera ba tiyub. Yawancinsu da kyakkyawar niyya suke yi, suna tausayin aljihunka, kuma dabarun suna tsayar da iska. Amma tsayar da iska ba shi ne matsalar ba, zaren da ke ɗauke da nauyi yana nan a tsinke, gashin ma ya fi muni domin yana ɓoye raunin daga idon wanda zai duba nan gaba. Haka kuma mai da tayar baya ba mafita ba ce, domin fashewar tayar baya takan sa gindin mota ya kauce, direba ya kasa riƙe ta. A ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta baya ta fashe, motar ta wuntsila. Ajiye mai rauni a matsayin safaya shi ma kuskure ne, tunda ranar da za ka bukace ta, babu wata a bayanta.

9. Idan abin ya same ka a hanya

Ka sa safaya. Idan ƴar siririyar nan ce ta wucin gadi, iskarta PSI 60 ce, kuma kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Idan babu safaya sam, wurin kuma ba na tsayawa ba ne saboda tsaro, ka kunna fitilun gargaɗi, ka rage kaya idan da hali, ka tafi a hankali ƙwarai kana kauce wa ramuka har gari mafi kusa, ba har gida ba. Idan taya ta fashe kana tafiya, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka tsayar da motar a kan layinta, kada ka taka birki, ka sassauta totur sannu a hankali, sai gudun ya ragu sosai sannan ka taɓa birki ka sauka gefen hanya.

10. Sayen madadinta

Ka sayi mai lamba iri ɗaya da ta asali. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba, kuma kada madadin ta gaza abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Idan abokiyar zamanta ta ɗaya ɓangaren ta cinye sosai, gara a sauya biyun tare, a sa sababbin a baya. Idan hali bai kai ga sabuwa ba sai ta gwanjo, ka bi da ita ta matakai na 3 zuwa na 7 kafin ka biya, ka duba cikinta tun ba a ɗaura ta ba, ka nemi alamar gashi ko faci a gefe, ka duba bakinta ko ya lanƙwashe saboda cusa tayoyi cikin juna da ake yi wajen shigo da su, sannan ka sa a hura ta ka shafa ta da hannu, tunda kumburi ba ya fitowa sai da iska. Ita kuwa tayar da ka sauke, ka sa a tsaga gefenta da wuƙa a gabanka kafin ka bar ta a wurin mai faci, domin idan ka bar ta yadda take, akwai yiwuwar a gasa wurin a sayar wa wani direban.